Zango Kafin Tafiya: Abin da Na Gani a Motar Lantarki Tsakanin Kano, Maraɗi da Damagaram

(Jawabin da ɗaya daga cikin ƴan kwamitin sufuri ya gabatar a wurin bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, a Maraɗi.)



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tara mu lafiya, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa. Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa da suka kafa ta, alhazai da hajiyoyi, baƙinmu na Kano, Katsina, Daura, Damagaram da Ƙonni, sannunku da zuwa, barkanmu da ganin wannan rana.

Sakatare ya ce in yi magana a kan motar nan da na ajiye a bakin ƙofa, wadda tun safe yara ke leƙa ƙarƙashinta suna neman salansa. Na karɓa ne saboda dalili ɗaya. A cikin wata biyun nan mutum shida daga cikinku sun same ni da tambaya iri ɗaya: Alhaji, in saya? Wani ƙanena a sana'a ma ya ce yana shirin sayar da motarsa, ya haɗa da jarin shagonsa, ya shigo da guda uku ya gwada kasuwa. Guminsa ne na shekaru, bai kamata in amsa masa a tsaye a bakin masallaci ba. Shi ya sa na rubuta abin da na gani a hanya, zan karanta muku shi, daɗinsa da ɗacinsa. Ba zan ambaci sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, don ban zo talla ba, ban kuma zo ɓata kasuwar kowa ba.

In za a dunƙule maganata, ga ta: motar mai a kan hanya take cin abincinta, motar lantarki kuwa inda ta kwana take ci. Duk wanda zai saye ta, ya fara tambayar kansa ina za ta kwana, kuma wace irin wuta ce a wurin.

Bari mu fara da ma'auni, don ɗan kasuwa ba ya ciniki sai ya san mudu. Tankin wannan mota batir ne, yana shimfiɗe a ƙarƙashinta. Ba da lita ake auna shi ba, da abin da mitar gida ke ƙirgawa ne, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira yunit, mu a nan mukan ce kilowat. Zan riƙa cewa yunit. Batirin tawa yana ɗaukar yunit 60. Takardar da aka buga don kasuwar Sin ta ce caji ɗaya yana kai ta kilomita 510. Takardar kasuwar Turai, ita dai wannan mota, shi dai wannan batir, ta ce kilomita 420. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, awon ne ya bambanta. Awon Sin, da ake kira CLTC, ya fi karkata ga tafiyar cikin gari a hankali. Na Turai, WLTP, ya ɗan fi tsanani. To amma duka biyun ba a yi su da mutum huɗu da dilolin atamfa a but ba, ba a kuma yi su da zafin Afrilu da esi a kunne ba. In dillali ya faɗa muku kilomita, ku tambaye shi na wane awo ne.

Na karɓi motar a Kano. Ranar Litinin da ƙarfe 8 na safe muka tashi, mu huɗu, batir cike, but cike da kayan Kantin Kwari. Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa kilomita 260 ne da ɗan wani abu. Na ce a raina, mai 420 ai ta ci wannan ta bar saura. Motar ba ta ƙara, ba ta jijjiga, kana taɓa ta ta zabura kamar an tsikari doki. Sai na sake mata, muna ta 110, muna ta 120. Da muka shiga Katsina, bayan kilomita kamar 170, na duba allo: saura kashi 40 cikin 100. Wato na ci yunit 36, fiye da yunit 20 a kowane kilomita 100. In na ci gaba da wannan gudu, da ƙyar zan shiga Maraɗi da kashi 7. Nan jikina ya yi sanyi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Iskar da mota ke turawa a gabanta ita ce ke cin batir a doguwar hanya, kuma nauyinta ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: in ka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska ta ninka sau huɗu. Motar mai ma haka take, sai dai ba mu damu ba, tunda akwai gidan mai a gaba, in babu kuma akwai yaro da jarka a gindin bishiya. Wani abin mamaki shi ne, motar lantarki ta fi tattali a cikin gari, don duk sanda ka ɗaga ƙafa ko ka taka birki, tana mayar da wani abu cikin batir. A miƙaƙƙiyar kwalta babu wannan rangwame. Kenan ta saba wa abin da muka sani na motar mai, wadda ta fi shan mai a cunkoson gari.

A Katsina muka sauka gidan wani aminina, na fito da wayar cajin da ta zo da motar na jona a soket. Ta ƙi. Muka sauya ɗaki, ta ƙi. Aka kira mai gyaran wuta, ya auna ya ce abu biyu ne: wutar ta yi ƙasa, sannan gidan ba shi da wayar ƙasa, wadda ake haɗawa da ƙarfe a binne. Na'urar cajin tana bincika wannan kafin ta saki wuta, don kada jikin mota ya kama mutum. Firiji da fanka ba sa tambaya, ita tana tambaya. Awa biyu muka ɓata ba mu ƙaru da komai ba, sai tuwon da muka ci, Allah Ya saka wa maigidan.

Ba sai na gaya muku ba, hanyar Katsina zuwa Jibiya ba wurin da mutum zai so mota ta mutu masa da yamma ba ne. Kowa a nan ya san abin da nake nufi. Muka yi shawara, muka tashi bayan azahar, na kafa ta a kan 80 ban wuce ba. A kan iyaka muka yi awa ɗaya da rabi. Ma'aikata suka buɗe gaba suna neman inji, aka yi ta raha, mu kuma muna zaune a ciki da sanyi. Wannan kam ta burge ni, tsayuwa da esi ba ta cin wani abu mai yawa, yunit biyu ne ko ƙasa da haka duk zaman. Muka shigo Maraɗi bayan la'asar da kashi 13. Na yi hamdala, amma na san ba dabarata ce ta kawo mu ba.

A gida wayar ƙasa tana nan, caji ya kama. Sai darasi na biyu ya fara. Soket ɗin bango na gida yana ba da yunit 2 da ɗan kai a awa guda. Ina buƙatar fiye da yunit 50. Ku yi lissafi, yini da kwana ne cur, in wuta ba ta ƙifta ba. Ta kuwa ƙifta, kamar yadda ta saba a bazara. Na jona Litinin da magariba, ba ta cika ba sai Laraba da hantsi. A daren farko yaro ya ja mini wayar ƙari irin ta kasuwa, wadda ake jona talabijin. Cikin dare muka ji ƙaurin roba, kan wayar ya narke. Allah Ya kiyaye. Ina roƙonku ku riƙe wannan: mota tana jan wuta awanni a jere ba hutu, siririyar waya ba ta ɗauka. A ja mata layinta daga mita, da waya mai kauri da abin yanke wuta nata na kanta.

Caji hawa uku ne. Na farko shi ne wannan na soket. Na biyu akwati ne da ake kafawa a bango, ko babban soket irin na masana'anta mai amfiya 32, yana ba da yunit 7 a awa, ya cika batir irin nawa cikin awa 9 zuwa 10, wato daga isha zuwa asuba. Na uku shi ne caji mai sauri na tashoshi, mai ba da yunit 50 a awa ko fiye, wanda ke kai batir kashi 80 cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka. Duk hotunan da kuke gani a waya na Turawa suna shan kofi mota tana cika, wannan na ukun ne. A duk hanyar da na bi, ban ci karo da shi ba ko sau ɗaya.

Zuwa Damagaram na yi hankali. Kafin in tashi na buga wa wani abokin ciniki mai gidan ƙanƙara a can, na tambaye shi irin wutarsa. Ya ce mai layi uku ce. Na tura masa hoton bakin wayata, ya sa aka ɗaura soket mai amfiya 32 da wayar ƙasa. Na tashi da asuba, iska da sanyinta, na tsaya tsakanin 85 da 90, ta Agye, Gazawa, Tasawa da Takeita. Kilomita kamar 235, na isa da kashi 37. Na jona bayan magariba, kafin ƙarfe 2 na dare ta cika. Washegari na bi ta Matamai na ƙetara ta Kwangwalam, Daura, Kazaure, na shiga Kano da kusan kashi ɗaya cikin uku na batir. Bayan kwana uku na sake bin hanyar farko, Kano zuwa Maraɗi, a kan 90, ban tsaya neman wuta a Katsina ba, na iso da kashi 27. Hanya ɗaya, mota ɗaya, kaya kusan ɗaya: ranar farko 13, ranar biyu 27. Ƙafata ce ta sauya.

Abin da na tsayar wa kaina ke nan: a hanyoyinmu, da kaya da zafi, in lissafa wannan mota a kan kilomita 300, kuma kada in shirya tafiyar da za ta ci fiye da 270 ba tare da na san inda zan jona ba. Kashi goman ƙarshe ba na tafiya ba ne, na shinge ne, da kwanan da aka rufe hanya, da kuskuren da ba ka shirya masa ba. In motar mai ta ƙafe, ɗan acaba zai kawo maka galan. Wannan in ta ƙafe, ba a kawo mata wuta a jarka, kuma ba a so a ɗaura mata igiya a ja ta tayoyi na juyawa, sai an ɗora ta a kan babbar mota. Wanda kuma ya saba ɗaure kaya a saman rufi, ya san cewa kowane ƙunshi da ya tare iska daga batir ake biyan kuɗinsa.

Da wannan ma'auni ku auna sauran hanyoyinmu. Maraɗi zuwa Katsina da dawowa, caji ɗaya ya isa. Maraɗi zuwa Kano, Maraɗi zuwa Damagaram, Maraɗi zuwa Ƙonni, Damagaram zuwa Kano, kowacce caji ɗaya, amma sai ka kwana ka cika kafin ka juyo. Maraɗi zuwa Yamai kilomita 660 ne ko kusa da haka. Za ka tsaya sau biyu, a ce Ƙonni da Doso ko Dogonduci, kowace tsayawa awa shida ko bakwai in ka sami soket mai ƙarfi. Tafiyar da muke yi daga asuba zuwa la'asar ta zama ta kwana biyu. Agadas kuwa, fiye da kilomita 400 daga Damagaram, a bar maganarta tukuna.

Yanzu mu zo kan kuɗi, don na ga wasu sun fara gyara zama. In aka haɗa da abin da ke salwanta wajen caji, kilomita 100 yana cin yunit kamar 20 daga mita. Motar mai mai girmanta tana shan lita 7 zuwa 8. A nan Nijar, lokacin da aka sauke farashin lita zuwa sefa 499 a 2024, lita 8 jaka huɗu ce. Ku ɗauko takardar kuɗin wutarku ku ninka farashin yunit sau 20. Ko da yunit ya kai muku sefa 130, kuɗin bai wuce 2,600 ba. A Najeriya, lokacin da aka kai masu rukunin Band A naira 225 a watan Afrilun 2024, yunit 20 naira 4,500 ne, alhali lita 8, ko a kan naira 900, ta kai 7,200. Sannan babu baƙin mai, babu filogi, babu kabureta, babu salansa, birki ma yana daɗewa. Ga riba a fili. Sai dai kuɗin sayen motar yana da nauyi, don haka ribar ta mai yawan zirga-zirga ce. Wanda ke fita sau biyu a mako zai daɗe bai fanshe ba.

Wani zai ce, ai ina da janareto. Ɗan ƙaramin nan na shago ba ya ma tayar da cajin. Babba mai shan fetur zai yi, amma lita ɗaya ba ta ba ka fiye da yunit 2. Kenan yunit 20 lita 10 ce. Ka sayi motar da ba ta shan mai, ka koma kana ƙona mai fiye da mai tsohuwar Corolla, ga ƙara ga hayaƙi. An gudu ba a tsira ba. Janareto na ranar larura ne, ba na kullum ba.

Rana ita ce dukiyar da Allah Ya ba mu kyauta. Farantin sola mai wat 550 yana ba da yunit 2 da rabi a yini a wannan yanki namu, in ana share masa ƙura. Faranti 8 sun ba ka kilomita 100 a rana. Ga mai yawo tsakanin gida da kasuwa da makarantar yara, wannan ya yi masa yawa ma. Sharaɗin shi ne motar ta kasance a tsaye da rana a inda farantan suke, in ba haka ba sai ka ƙara kuɗin batiran ajiya. Shi ya sa na kafa nawa a rufin sito, ba a gida ba: ina ciniki, tana ci a inuwa.

Ban kawo maganar sola don ado ba. Dukanmu mun ga abin da ya faru bayan 26 ga Yulin 2023. A watan Agusta aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar nan ke sha, aka rufe iyaka, ba a dawo daidai ba sai Maris na 2024. Mun kuma ga ɗaya gefen. Da aka cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, man da ke tsallakowa da araha ya ja baya, kuma ba mu manta da layukan gidan mai na Maris ɗin 2025 ba, duk da matatar SORAZ tana nan a Damagaram tun 2011. Mai da wuta duka suna iya yankewa da magana ɗaya daga sama. Rana ce kaɗai ba ta tsayawa a duwan.

Ga masu niyyar shigo da su don sayarwa, kamar ƙanen nan nawa, akwai abu huɗu da zan ce ku bincika kafin ku biya. Na ɗaya, bakin caji. Ba iri ɗaya ba ne. Motar da aka yi don kasuwar Sin bakinta GB/T ne, ta Turai Type 2 da CCS2, ta Amurka kuma nata daban, wayarta ta gida ma sau da yawa ta wuta mai bolt 110 ce, tamu kuwa 220 zuwa 230. Kada mota ta sauka ba tare da wayarta da mahaɗin da ya dace ba. Na biyu, harshen allo. Akwai masu zuwa da Sinanci zalla, direba yana ganin gargaɗi bai san abin da ake ce masa ba. Na uku, in ta hannu ce, a sa na'ura a auna lafiyar batir a gabanka. Fenti da kujeru ba su ne motar ba, batir ne, shi ne kuma mafi tsada a jikinta. Na huɗu, garanti. Kamfanoni da yawa suna ba da shekara 8 ko kilomita 160,000 a kan batir, amma takardar tana aiki ne inda suke da wakili. In ka shigo da ita ta bayan fage, kai ne garantin.

Sai kulawa. Zafi ne babban abokin gabar batir, a ajiye ta a inuwa, kada a bar ta kwanaki a ƙafe. Batir iri biyu ne ya fi yawa. Wanda ake kira LFP ya fi jure zafi da cikawa har baki. Ɗayan, mai nikel, an fi so a tsayar da shi a kashi 80 in ba tafiya za a yi ba. Motar tana da nauyi fiye da ƴar uwarta ta mai, tana cin taya, kuma batir a ƙasa yake, don haka hanyar kasuwar ƙauye mai duwatsu da kwazazzabo, da ƙoramar da ta kawo a damina, ba wurinta ba ne. Wayoyin nan masu ruwan lemo da ke cikinta suna ɗauke da wuta mai bolt kusan 400. Bakaniken da bai koya ba kada ya sa hannu, ko da shekara talatin ya yi yana kwance inji. Wannan maganar rai ce.

Abin ba na nesa ba ne kamar yadda wasu ke zato. Tun 2020 aka harhaɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas. A 2021 hukumar kula da ƙera motoci ta Najeriya, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ta buɗe wurin caji mai amfani da rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna da mayar da ƙananan bas masu mai zuwa masu batir. Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu mai a 2024, tana taƙama da wutar madatsun ruwanta. Ƴan uwa masu sayar da mai da kayan gyara, ban ce kasuwarku za ta mutu gobe ba. Tirela da kanta da motar daji suna nan da sauran shekaru. Amma ku sa ido a kan babur da adaidaita, don su ne ba sa nisa, su ne ke kwana wuri ɗaya kullum. In sauyi zai shigo, ta nan zai fara.

Iyayenmu dattawa, abin da ya tsaya mini a rai a wannan tafiya tsohon abu ne. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja neman goro ba su taɓa tashi da ka ba. Madugu ya san rijiyar da ke gaba, ya san tafiyar yini ta jaki da kaya, ya san mai masaukin da zai karɓe su a kowane zango. Mota mai mai ce ta sa muka daina wannan lissafi. Motar lantarki ta dawo da shi. A Katsina na je ban yi sallama ba, na tashi hannu banza. A Damagaram na aika kafin in tashi, na kwana da cikakken batir. Kuma in ana maganar masauki a garuruwan nan, wa ya fi wannan ƙungiya? Babu gari a kan hanyoyin da na lissafa da ba mu da mutum mai sito, ko injin niƙa, ko gidan ƙanƙara, ko gidan ruwan leda.

Don haka ina roƙon shugabanci abu uku. Na farko, a kafa ƙaramin kwamiti ya rubuta sunayen membobin da ke da wuta mai layi uku ko babbar sola a Kano, Katsina, Daura, Maraɗi, Tasawa, Damagaram da Ƙonni. Wanda ya yarda, a ɗaura masa soket mai amfiya 32 da wayar ƙasa da ƴar mita, a tsayar da farashi ɗaya na yunit da sefa da naira, don kada zumunci ya ɓaci a kan kuɗin wuta. Wannan ba aikin miliyoyi ba ne. Kada dai mu ruɗi kanmu, faranti 20 yunit 50 suke bayarwa a yini, abincin mota ɗaya ke nan, don haka a fara da kaɗan a ga yadda za ta kaya. Na biyu, masu shigo da motocin su zauna su daidaita a kan bakin caji ɗaya, ko su ɗauki alkawarin kowace mota ta zo da mahaɗinta. Na uku, a zaɓi yara biyu ko uku daga cikin ƴaƴanmu masu hannu a gyaran wuta, ƙungiya ta ɗauki nauyin koya musu wannan aiki a inda ake koyar da shi, kafin mota ta lalace mu rasa mai taɓa ta.

Ga masu tambayata in saya, ga amsata. In yawancin tafiyarka cikin gari ce da kewaye, kana da inuwa da wutar da ka amince da ita ko rufin da za ka shimfiɗa faranti, kuma kana da wata motar ta ranar gaggawa, saya, za ka ji daɗinta. Ni ban yi nadama ba, wata huɗu ke nan ban shiga layin mai don ita ba. In kuwa mota ɗaya gare ka, ita ce ta Yamai, ita ce ta kasuwar ƙauye, ita ce ta kai mara lafiya asibiti cikin dare, ka dakata sai zangunan sun tsaya. Kai kuma ƙanena, kada ka taɓa jarin shago. In ka matsu, kawo guda ɗaya, ka hau ta wata shida, ka san halinta, sannan ka sayar wa mutane abin da za ka iya tsayawa a kansa in sun dawo maka da ƙorafi.

Makullin yana hannuna. Bayan an ci abinci, duk mai so ya zo mu zaga gari, mutum uku-uku, dattawa a gaba. Allah Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, Ya jiƙan waɗanda suka kafa ta suka riga mu gidan gaskiya, Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.